Tagullar Ado Mai Ruwan Zinariya a Gidan Hertford na Landan: Yadda Aka Ƙera Ta da Abin da Take Shaidawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan tagullar ado mai ruwan zinariya da maƙeran Faransa suka ƙera a ƙarni na 18. An gina bayanin a kan kayan da ke Gidan Hertford na birnin Landan, wanda a da gidan zaman masu sarauta ne, yau kuma shi ne gidan kayan fasaha na Wallace Collection. An fayyace irin ƙarfen da matakan sarrafa shi, sannan aka ɗauki kaya huɗu aka yi musu duba na tsanaki. Maƙalar ta nuna cewa wannan tagulla hujja ce ta tarihi, domin a jikinta ake gane zamanin kaya da hannayen da suka yi aikinsa da sauye-sauyen da suka same shi. Ta kuma nuna cewa tsarin gidan zama da aka mayar gidan tarihi yana iya lulluɓe wannan hujja ga mai kallon da bai lura ba.

Fitilun Kalmomi: tagulla, ruwan zinariya, zubi, naƙashi, Gidan Hertford

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidajen kayan fasaha da asalinsu gidajen zaman attajirai ne, kamar Frick Collection a New York da Nissim de Camondo a Faris. A irin waɗannan gidaje akan jera kaya a ɗakuna yadda mai gida zai jera su: agogo a bisa murhu, fitila a rataye, durowa a jikin bango. Abin da ya fi ɗaukar ido a ɗakunan shi ne ƙyallin zinariya a gefen katako da ƙafafun tebur da wuyan tuluna. Mafi yawan wannan ƙyalli tagulla ce da aka zuba, aka yi mata naƙashi, aka shafe ta da zinariya. Faransawa na kiranta bronze doré, Turawan Ingila kuma ormolu, kalmar da ta samo asali daga Faransanci da ma'anar niƙaƙƙiyar zinariya.

Masu kallo sukan ɗauki wannan tagulla a matsayin cikon ado, su mayar da hankali ga zanen da ke bango. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna abin da ake iya karantawa a jikinta, da abin da ake asara idan ba a karanta ba.

2.0 Gidan Hertford a Taƙaice

An gina gidan a dandalin Manchester Square tsakanin 1776 da 1788 domin Duke na Manchester na 4. A 1797 ya koma hannun zuriyar da ke riƙe da sarautar Marquess na Hertford. Wanda ya tara mafi yawan kayan Faransa da ke cikinsa shi ne Marquess na 4, Richard Seymour-Conway (1800-1870), wanda ya yi galibin rayuwarsa a Faris. Ya samu kasuwa a buɗe, domin juyin juya halin Faransa na 1789 ya tarwatsa kayan fada da na manyan gidaje, har aka yi gwanjon kayan fadar Versailles a 1793 da 1794, suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu.

Da ya rasu, kayan suka koma ga Richard Wallace (1818-1890), wanda ya kwaso da yawa daga cikinsu zuwa Landan ya faɗaɗa gidan domin su. Matarsa ta yi wasiyyar bar wa al'ummar Birtaniya su a 1897, bisa sharaɗin a ajiye su tare ba tare da an cakuɗa su da wasu ba. An buɗe gidan ga jama'a a 1900. Abin lura a nan shi ne, kayan Faransa na ƙarni na 18 ne a cikin gidan Ingila, bisa zaɓin masu tarawa na ƙarni na 19.

3.0 Wane Irin Ƙarfe Ne?

A Hausa kalmar tagulla tana da faɗi. Takan ɗauki jan ƙarfe da kuma gaurayen da ake yi da shi. A ilimin ƙarafa kuwa an raba su. Akwai gaurayen jan ƙarfe da kuza, akwai kuma gaurayen jan ƙarfe da tutiya, wanda launinsa ya fi karkata ga rawaya. Duk da sunan da Faransawa suka ba ta, tagullar adon da ake magana a kanta ta nau'i na biyu ce: jan ƙarfe ne mafi rinjaye, sai tutiya, da ɗan abin da ba a rasa ba na kuza da dalma. Irin wannan ruɗanin suna ya shafi ƙirar Afirka ta Yamma ma. Da yawa daga kayan zubin Benin gaurayen tutiya ne, alhali na Igbo-Ukwu gaurayen kuza da dalma ne.

Maƙeran Faris sun zaɓi gaurayen tutiya saboda dalilai na aiki. Yana kwarara sosai cikin mazubi, yana da laushin karɓar naƙashi ba tare da ya tsage ba, kuma launinsa yana taimaka wa zinariyar da za a shafa a kansa.

Ita tagullar da ake maƙalawa a kayan katako tana da amfani tun kafin ado. Kayan ɗakin Faransa na wancan zamani ana lulluɓe su da siraran fallayen katako masu tsada da ake mannawa a kan gangar jiki ta katakon oak. Kusurwa da ƙafa da bakin makulli su ne wuraren da fallen ke saurin ɓamɓarewa. A nan aka fara sa tagulla domin kariya, kafin ta bazu ta mamaye fuskar kayan.

4.0 Matakan Ƙira

4.1 Samfuri da Zubi

Aiki yana farawa da zane a takarda. Daga nan mai sassaƙa zai fitar da samfuri da kakin zuma ko yumɓu ko katako. Galibin tagullar kayan ɗaki ana zuba ta ne a mazubin yashi mai laushi da aka danne a cikin akwati mai ɓari biyu, a dangwala samfurin ya bar gurbinsa, a cire shi, a kwarara narkakken ƙarfe. Idan siffar tana da lunguna da yawa, sai a koma ga zubin kaki, inda ake lulluɓe samfurin kaki da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, ƙarfe ya maye gurbinsa. Wannan ita ce dabarar da maƙeran Ife da Benin suka shahara da ita. Babban aiki ba a zuba shi gaba ɗaya. Gunduwa-gunduwa ake zuba shi, sannan a haɗa da walda ko ƙusoshi masu zare.

4.2 Naƙashi

Abin da ke fitowa daga mazubi yana da kaushi da tabo. Mai naƙashi ne ke ba shi rai. Yakan kafa gunduwar a kan ƙaro domin kada ta motsa, ya share ta da magagari, sannan ya bi ta da ƙaramar guduma da tsinkayen ƙarfe masu bakuna daban-daban. Da su yake fitar da jijiyar ganye da silin gashi da ɓawon maciji. Wani wuri ya bar shi sumul, wani ya cika shi da ƙananan ɗigo yadda zai shanye haske. Wannan mataki shi ya fi cin lokaci, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo.

4.3 Shafen Zinariya da Wuta

Ana ɗumama zinariya a cuɗa ta da zaiba har ta zama kamar man shanu. Sai a wanke tagullar da ruwan asid, a shafa mata wannan cuɗi da burushin waya, a ɗora ta a kan garwashin gawayi. Zaiba tana tafasa a ma'aunin zafi 357, saboda haka sai ta tashi ta zama tururi, ta bar zinariyar manne da ƙarfen. Akan maimaita haka sau da yawa idan ana son shafe mai kauri. Daga ƙarshe a goge wuraren da ake so su yi ƙyalli da dutse mai santsi, a bar sauran da dishi-dishi. Wanda ba shi da kuɗin wannan aiki, sai a tsoma masa tagullar a asid a shafa mata fenti mai ruwan rawaya.

Tururin zaiba guba ne. Masu shafen zinariya sun sha fama da karkarwar hannu da zubar haƙora da dalalar miyau da ruɗewar hankali, kuma da yawa ba su tsufa ba. Matsalar ta kai ga wani maƙerin tagulla, André-Antoine Ravrio, wanda ya rasu a 1814, ya bar kuɗi a wasiyyarsa ga duk wanda ya gano hanyar kare ma'aikata. Masanin sinadarai Jean-Pierre-Joseph d'Arcet ne ya ci kyautar a 1818, da wani murhu mai bututun zuƙe tururi. Sana'ar ba ta ja baya sosai ba sai bayan 1840, lokacin da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar shafe da lantarki. Ita ce dai zaibar da masu haƙar zinariya da hannu ke kama ƙwayar zinariya da ita har gobe a Nijeriya da Ghana, tare da irin wannan haɗari.

5.0 Kaya Huɗu Daga Gidan

5.1 Madafin Matakala

Abu na farko da baƙo ke cin karo da shi shi ne madafin babbar matakalar bene, wanda aka yi da baƙin ƙarfe da tagulla mai ruwan zinariya. An ƙera shi a 1719 zuwa 1720 domin Bankin Sarki da ke Faris, wanda John Law ɗan Sikotilan ya jagoranta. A jikinsa akwai harafin L guda biyu a sarƙe, alamar Sarki Louis na 15, da ƙahonni masu amayar da tsabar kuɗi da takardun banki. Bankin ya durƙushe a 1720, wato adon ya yi alƙawarin arzikin da bai tabbata ba. An kafa madafin a Gidan Hertford a 1874, bayan an yi masa gyara domin ya dace da matakalar. Duk wanda bai san wannan ba zai ɗauka tare da gidan aka gina shi.

5.2 Durowar Sarki Louis na 15

A 1739 kafinta Antoine-Robert Gaudreaus ya kai wata durowa ɗakin barcin sarki a Versailles. Tagullarta aikin Jacques Caffieri ne (1678-1755), kuma ya rubuta sunansa a jikinta. Durowar tana da aljihuna biyu, amma tagullar ta bi fuskarta tana lanƙwasa kamar harshen wuta, ta ratsa layin da ya raba aljihunan yadda ido ba ya lura da shi. Ɓangarenta ɗaya bai yi daidai da ɗayan ba, wanda hakan alama ce ta salon rokoko. Babu mariƙi daban, domin wasu sassan adon ne ake kamawa a jawo aljihun. A nan katako ya zama shimfiɗa, tagulla ta zama jigon aikin. Bayan rasuwar sarkin a 1774, durowar ta koma ga Duke na Aumont, bisa al'adar da ta bai wa babban hadimin ɗakin sarki kayan ɗakin. Da haka ta bar fada tun kafin juyin juya hali.

5.3 Agogon Avignon

A 1771 birnin Avignon ya bai wa gwamnansa, Marquis de Rochechouart, kyautar agogo. A jikinsa akwai siffar mace mai wakiltar birnin, da wasu siffofi biyu masu wakiltar kogunan Rhône da Durance. Darajarsa ga mai nazari tana cikin rubutun da ke jikinsa, wanda ya ambaci Louis-Simon Boizot a matsayin mai samfuri, da Pierre Gouthière (1732-1813) a matsayin wanda ya aiwatar, tare da shekarar aikin. Gouthière ya shahara da shafen zinariya mai dishi-dishi, wanda ke sa fatar mutum ta bambanta da tufa, tufa ta bambanta da ruwa, alhali duk ƙarfe ɗaya ne. Kasancewar ayyukansa masu sa hannu kaɗan ne, wannan agogo ya zama ma'aunin da ake gwada sauran abin da ake jingina masa.

5.4 Kaskon Turare

Akwai wani kaskon turare na jan dutsen jasfa da Gouthière ya yi wa ƙafafu uku na tagulla, da nonnan inabi a rataye, da maciji a nannaɗe a tsakani. An yi shi ne domin Duke na Aumont a tsakiyar shekarun 1770. Da aka yi gwanjon kayansa a 1782, Sarauniya Marie-Antoinette ta saye shi. Idan aka jera shi da durowar 1739, za a ga yadda salo ya juya cikin shekara talatin da 'yan kai. Lanƙwashe-lanƙwashen rokoko sun kau, an koma ga daidaiton fasalin tsoffin Girkawa da Rumawa, naƙashin kuma ya yi ƙanƙanta har ya kusanci aikin maƙeran zinariya.

6.0 Sunan Wa Ke Jikin Aiki?

Sana'o'in Faris suna ƙarƙashin ƙungiyoyi masu tsauraran dokoki. Masu zubi da naƙashi ƙungiyarsu daban, masu naƙashi da shafen zinariya tasu daban, kuma ba a haɗe su ba sai a 1776. Doka ta hana kafinta ya zuba tagulla ko ya shafe ta a shagonsa. Charles Cressent, wanda akwai ayyukansa a gidan, an gurfanar da shi fiye da sau ɗaya saboda keta wannan doka. André-Charles Boulle (1642-1732) kuwa ya tsira daga ita, domin sarki ya ba shi mazauni a fadar Louvre a 1672, wanda hakan ya fitar da shi daga ikon ƙungiyoyin.

Daga tsakiyar ƙarnin an wajabta wa kafintoci buga hatimin sunansu a kayan da suka yi, amma ba a ɗora wa maƙeran tagulla irin wannan ba. Sakamakon haka, durowar da ta bi ta hannun mai zane da mai samfuri da mai zubi da mai naƙashi da mai shafe takan fito da sunan kafinta shi kaɗai. Daga baya kuma sunan sarki ko sarauniyar da ta mallake ta ya danne na kafintan, sunan mai tarawa ya hau kan ƙofar gidan. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko Gouthière da sunansa ya tsira, manyan masu ba shi aiki sun riƙe masa kuɗi, ya karye a ƙarshen shekarun 1780, ya rasu cikin talauci.

7.0 Rarrabe Asali da Kwafi

Tagullar ado a maƙale take da ƙusoshi, saboda haka ana iya cire ta. A ƙarni na 19, da farashin kayan Faransa ya tashi, dillalai sun riƙa sake shafe tsohuwar tagulla, su musanya wadda ta karye, su ƙara wa kayan da ba su da ado domin su yi tsada. Wasu kwafin kuma a fili aka yi su. Marquess na 4 da kansa ya sa an yi masa kwafin shahararren teburin rubutu na Louis na 15, kuma yana nan a gidan.

Masana suna bin hanyoyi da dama wajen tantancewa. Ta farko ita ce hatimin harafin C mai kambi a kai, alamar harajin da aka ɗora wa kayan jan ƙarfe a Faransa daga 1745 zuwa 1749. Tagullar da ke ɗauke da sahihin hatimin ta nuna tana nan a cikin waɗannan shekaru, ko da yake an buga shi har a tsofaffin kayan da aka sake sayarwa a lokacin, kuma an yi jabunsa. Ta biyu ita ce awo. Ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, don haka tagullar da aka zuba daga jikin wata takan ɗan gaza ta asali girma, naƙashinta kuma ya dushe. Ta uku ita ce duba bayan tagullar da ramukan ƙusa a jikin katako, domin ramin da babu ƙusar da ta dace da shi yana nuna an taɓa sauya wani abu. Ta huɗu ita ce gwajin sinadarai da na'urar haske, wadda ke nuna gaurayen ƙarfen ba tare da an yanke shi ba. Tsohon ƙarfe yakan ƙunshi gurɓin wasu ma'adinai fiye da na zamanin masana'antu, shafen wuta kuma yakan bar ɓurɓushin zaiba.

Wannan ne ya sa masu adana kayan tarihi suke taka-tsantsan da wanki. Shafen zinariyar siriri ne ƙwarai. Goga mai ƙarfi tana cinye shi, ta haɗa dishi-dishi da ƙyalli su zama abu ɗaya. Sake shafewa kuma yana toshe ƙananan ɗigon da mai naƙashi ya yi. Abin da aka goge ta haka ba ya dawowa.

8.0 Kammalawa

Gidan zama da aka mayar gidan kayan fasaha yana da fa'idar da babban gidan tarihi ba shi da ita. Yana nuna tagulla kusa da madubi da labule da murhu, a irin muhallin da aka ƙera ta dominsa, inda ake son ta kama hasken kyandir ta mayar da shi cikin ɗaki. Sai dai muhallin na aro ne. Madafin matakalar na banki ne, durowar ta ɗakin sarki ce, agogon kyautar birni ne ga gwamna, kuma babu ɗayansu da aka yi domin Landan. Jituwar da ake gani a ɗakunan zaɓin masu tarawa ne ya samar da ita.

Maƙalar ta nuna cewa abin da ke warware wannan lulluɓi yana jikin tagullar: gaurayen ƙarfenta, da sawun tsinken naƙashi, da hatimin haraji, da ramin ƙusa, da sa hannun da akan samu jefi-jefi. Ga masu nazarin sana'o'in gargajiya, darasin hanyar bincike ne. Kayan ƙira da ke gidajen tarihi sukan zo da sunan mai su, ba kasafai suke zuwa da sunan maƙerinsu ba. Hanyar kaiwa ga maƙerin ita ce a juya kayan a duba bayansa, a auna shi, a gwada shi da wanda aka tabbatar da asalinsa, kafin a amince da abin da aka rubuta a takardar da ke gabansa.